Taswirar tsaunukan Ayar: ta waya ta isa?

Ɗan'uwa, ka ce za ka tashi daga Agadas zuwa Timiya, cikin tsaunukan Ayar na Nijar, kana tambaya ko taswirar waya ta wadatar, ko sai ka nemi ta takarda mai nuna tudu da kwari. Nemi mai tudu da kwarin. A can sau da yawa babu sabis, kuma ta waya galibi hanya kawai take nunawa.

Tsofaffin taswirorin Faransawa masu ma'aunin 1:200,000 har yanzu suna da amfani. Santimita 1 a takarda kilomita 2 ce a ƙasa. Zuba ido kan siraran layukan nan masu ruwan ƙasa, su ne ke nuna tsayin wuri. Inda suka cunkushe hawa ne mai tsauri, kamar gefen dutsen Bagzan, inda ƙololuwa ta kai mita 2,022. Inda suka lanƙwashe kamar bakin kibiya kuwa, korama ce, tsinin yana duban inda ruwa ke fitowa. Kada ka shimfiɗa tabarma a cikinta da damina, komai laushin yashin. Ruwan da aka yi can kan dutse yana iya isko ka tsakar dare, kai ko hadari ba ka gani ba.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne rijiya. Dutse yana nan inda aka zana shi, amma rijiyar da ke takarda ta yiwu ta ƙafe tuntuni. Haka nan lambobin GPS kan saɓa da tsohuwar taswira idan ba ka daidaita tsarin lissafin wuri na GPS ɗin da na taswirar ba.

Batun ruwa da tsaro, samu ɗan jagora Buzu a Agadas, ka kuma sanar da hukuma kafin ka kama hanya.