Wata uku da mai koyarwa a gida, makin lissafi bai motsa ba

Hajiya, kin ce yaronki yana aji 3e, ajin ƙarshe na kwaleji, wata uku ke nan kina biyan mai zuwa gida ya koya masa lissafi, amma har yanzu 6 bisa 20 yake kawowa, kina tambaya ko ki canza malami. Ni dai shawarata ki dakata tukuna.

Na daɗe ina wannan aiki nan Maradi, daga unguwar Zariya har Bagalam, kuma abin da na fi cin karo da shi ke nan: ɗan 3e da ake cewa darussan lissafin Thalès da Pythagore sun gagare shi, in ka tona sai ka tarar ciwon tun daga CM2 (ajin ƙarshe na firamare) ko 6e (ajin farko na kwaleji) ya samo asali. Ka ce 7 sau 8, sai ya shiga ƙirgen yatsu a ƙarƙashin tebur. Ka ba shi 1/2 + 1/3, ya rubuta maka 2/5 hankalinsa kwance. Malamin kirki dole ya koma baya ya cike waɗannan ramuka, kuma duk lokacin da yake cikon, makin lakkol ba zai nuna komai ba, tunda a kan darasin bana ake tambaya.

Sai kuma Faransanci. Na taɓa koyar da wata yarinya mai taya uwarta sayar da ƙuli-ƙuli. Na rubuta mata 3 × 125 F cikin jimlar Faransanci, ta yi tsuru. Da na ce ƙulli uku na dala ashirin da biyar-biyar, ban rufe baki ba ta ce dala saba'in da biyar. Kanta ƙalau yake, tambayar ce ba ta shiga kunnenta. Tun daga ranar, lambobi masu alamar ragi ma da bashi nake koyar da su: ana bin ka dala 7, ka samu dala 10, nawa ya rage a hannunka?

Abin da za ki duba shi ne kayen yaron, wato littafin da yake rubutu a ciki. In kin ga shara da gyara da rubutun hannunsa, ana aiki. In kin ga komai tsaf babu kuskure ko ɗaya, to malamin ne ke yi masa aikin gida, jikkunanki kawai ke tafiya. Wannan kam ki sallame shi, ko da ɗan makwabta ne.

Ki kuma lura ko ya daina miƙa takarda fara fat a aji. Yaron da ya fara gwada amsa, ko da ba daidai ba, ya kama hanya.

Ke ma kin yi dabara da kika fara da wuri. Wasu sai zafin Afrilu ya kankama, BEPC, jarrabawar ƙarshen aji 3e, ta ƙarato, suke kirana, su ce in yi wani abu. Ki ba malamin wata biyu, ki ce ya riƙa gaya miki kowane mako ramin da suka cike.