Taswira ta dushe, edita ya mayar da maƙala: tambayoyin masu binciken tsara birane

Tambayoyin wannan makon duk daga jami'a suka fito, daga masu shirin aika maƙala zuwa mujallun ilimi.

Tambaya, daga wani ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni, Yamai: Malam, na rubuta maƙala kan gine-ginen bakin kogi a Harobanda, ɓangaren Yamai na ƙetaren kogi, bayan ambaliyar 2020. Mujalla ta mayar mini tun kafin ta kai wa masu tantancewa, wai taswirorina ba su fita ba. Alhali a salulata tas suke. Ina matsalar take?

Ƙanena, ko ban ga fayil ɗin ba, zan iya cankar hanyar da taswirar ta bi kafin ta shiga Word: ko hoton fuskar kwamfuta ka ɗauka, ko wani ya turo maka ta WhatsApp. Fuskar salula ƙarama ce, tana rufa asirin hoto. Takarda ba ta rufawa. Yawancin mujallu suna neman ɗigo 300 a kowane inci, wato taswira mai faɗin santimita 17 tana buƙatar ɗigo kusan 2000 a kwance. WhatsApp kuwa matse hoto yake yi don ya rage nauyi, sai in an aiko shi a matsayin takarda, ba hoto ba.

Koma QGIS, manhajar haɗa taswira, shirya taswirar a shafin bugawa, ka fitar da ita a ɗigo 300 kowane inci, a tsarin PNG ko TIFF. Ka bar JPEG wa hotunan kyamara, domin yana ɓata gefen layuka da ƙananan rubutu, har sunayen unguwanni irin Lamorde da Kirkisoye su zama tabo. Shi ma Word yana da nasa halin: yakan rage hoto zuwa 220 ba tare da ya tambaye ka ba. Shiga «Fichier», «Options», «Options avancées», ka zaɓi wurin da ya ce kada a matse hotuna. Mujallu da dama ma so suke kowace taswira ta zo a fayil nata daban.

Akwai abin da ya fi dushewa haɗari, don ido ba ya ganinsa. Idan bayananka suna kan tsarin da ke nuna wuri da digiri ba da mita ba, mai lamba EPSG 4326, kana kuma lissafa faɗin unguwa a kansa kai tsaye, alƙaluman na iya fitowa a karkace. Tsarin da ke auna da mita shi ne UTM, an kuma raba shi yanki-yanki: Yamai da Tawa duka suna cikin yanki na 31 na arewa, lambarsa 32631. Maraɗi da Damagaram suna yanki na 32. Mayar da komai can kafin ka auna. Ka kuma san iyakar hoton tauraron ɗan adam da kake aiki da shi. Ɗigo ɗaya na hoton tauraron Landsat mita 30 ne kowane gefe, murabba'in mita 900 ke nan, ya fi filin gida biyu masu murabba'in mita 400 kowane. Da shi za ka nuna yadda gari ya ci gandun itatuwan da aka fara dasawa kewaye da Yamai a 1965, amma kada ka ce ka ƙirga gidaje, mai tantancewa zai kama ka a shafin farko. Tauraron Sentinel-2 ya fi shi gani, mita 10, sai dai daga 2015 ya fara. Duka biyun kyauta ne.

Kafin ka sake aikawa, duba ko kowace taswira tana da ma'auni, kibiyar arewa, bayanin launuka da inda bayanan suka fito. In ka ɗauko tituna daga OpenStreetMap, taswirar kyauta ta intanet, dole ka ambata, sharaɗin lasisinsu ne. Sannan ka je wurin mai buga takardu a bakin jami'a ka buga ta baƙi da fari. Idan ja da kore suka zama toka iri ɗaya, canza launi.

Tambaya, daga wata malama a Tawa: Duk mujallar da na nufa da nata salon jera littattafan da aka duba. Na gaji da gyara da hannu.

Malama, Zotero ne maganinki, wato manhajar jera littattafan da aka duba, kyauta kuma yake. Ki liƙa masa lambar DOI, wato lambar shaida ta maƙala a intanet, shi zai ciko suna da shekara da shafuka. In kin sauya mujalla, salon kawai za ki sauya, jerin duka ya gyaru. Inda zai ba ki aiki shi ne takardunmu na gida: rahoton ƙidayar 2012 na INS, hukumar ƙididdiga ta ƙasa, kundin tsarin gari na ma'aikatar magajin gari, kundin digiri da ba a buga ba. Waɗannan da hannu za ki shigar, sau ɗaya. Ki buɗe asusu don jerin ya riƙa ajiye kansa a intanet, saboda ɗauke wuta a watan Afrilu ba ya sallama.

Tambaya: An ce in cire sunana daga maƙala don kada masu tantancewa su san mai ita. Na goge a shafin farko, ya isa?

Bai isa ba. Word yana riƙe sunan mai kwamfuta a cikin bayanan fayil da cikin gyare-gyaren gefe. «Fichier», «Informations», sai binciken takarda, ka share. Ka cire godiya, ka gyara jimloli irin “kamar yadda muka nuna a baya”.

Sunanka ma ba shi ne ya fi damuna ba. Masu tambayar gida-gida da KoboCollect, manhajar cike tambayoyi a salula, sukan ɗauki lambar GPS ta kowace ƙofa. Idan mujalla ta nemi a haɗo bayanan bincike, goge wannan layin da sunaye da lambobin waya, ka bar sunan unguwa kaɗai. Mutumin da ya amsa maka cewa ba shi da takardar fili, bai yi hakan don a saka ƙofarsa a taswira ba.

Tambaya, daga wani malami mai shirin kai takardunsa CAMES, hukumar da ke tantance malaman jami'a don ƙarin matsayi: Wata mujalla ta aiko mini saƙo, za ta buga cikin mako ɗaya in na biya. In tura?

Ranka ya daɗe, riƙe kuɗinka. Tantancewa ta gaskiya watanni take ɗauka, kuma mujallar da ta yaba maka kafin ta karanta ka, aljihunka take kallo. Nemi sunanta da lambar ISSN, wato lambar shaidar mujalla, a DOAJ ko AJOL, shafukan da ke jera mujallun ilimi, ka duba ko editocin suna ambatonta a shafukan jami'o'insu. Akwai mujallu masu daraja da ba sa karɓar ko dala, kamar Cybergeo, mai karɓar Faransanci. Manyan kamfanonin buga mujallu kuma da yawa suna yafe wa marubutan Nijar kuɗin bugawa ko su rage, amma a lokacin aikawa ake nema, ba bayan an karɓa ba. Buɗe lambar ORCID, lambar shaidar mai bincike, tun yanzu, kyauta ce, shafin aikawa zai tambaye ka. Kuma mujalla ɗaya a lokaci ɗaya: sai ta farko ta ba ka amsa, ko ka janye a rubuce, sannan ka nufi ta biyu.