Amsa ga Hajiya kan waƙar rap da tarbiyyar yaranmu a Amurka

Hajiya, kin tambaya ko waƙar rap ce ke lalata matasa baƙar fata a Amurka, da kuma ko ya kamata ki hana ɗanki sauraronta baki ɗaya. Na daɗe ina koyar da yara a unguwar Bronx ta birnin New York, kuma a nan ne wannan waƙa ta samo asali a 1973, lokacin da DJ Kool Herc, ɗan asalin Jamaika, yake kaɗa faifai a shagulgulan matasa, a zamanin da talauci da gobara da rashin aikin yi suka addabi unguwar. Mawaƙan farko da dama sun riƙa bayyana halin ƙuncin da suke ciki, daga baya kuma har ta kai mawaƙin rap Kendrick Lamar ya karɓi Pulitzer, wata babbar lambar yabo ta Amurka, a 2018. Na ga yaron da ba ya buɗe baki a aji ya zama gwanin rubutu saboda yana tsara baitocinsa.

Sai dai ba zan ɓoye miki ba, akwai abin tsoro. A shekarun 1990 manyan kamfanonin waƙa sun gane cewa bindiga da ƙwaya da wulaƙanta mata sun fi kawo kuɗi, sai suka fifita irin waɗannan waƙoƙi, duk da adawar mata irin su C. Delores Tucker, 'yar fafutukar kare haƙƙin baƙar fata. An kashe mawaƙin rap Tupac Shakur a 1996, an kashe takwaransa Notorious B.I.G. a 1997, kuma dukansu ba su kai shekara 26 ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali yanzu shi ne salon drill, wanda ya taso a Chicago ya iso Bronx, domin a cikinsa ana ambaton sunayen abokan gaba na gaske, ana yi wa waɗanda aka kashe izgili, a ɗora a YouTube, sannan ramuwar gayya ta biyo baya a kan titi.

Saboda haka ban ba ki shawarar hana shi gaba ɗaya ba, tunda wayar tana aljihunsa kuma ɓoyewa kawai zai koya. Ki sa shi ya rubuta miki kalmomin waƙar da ya fi so, ya karanta a gabanki, ya yi miki bayani. Idan kika ji sunayen gungun 'yan daba na unguwarku a ciki, ki sanar da mahaifinsa da malamansa a ranar, ki kuma binciki abokan da yake dawowa da su daga makaranta.