Tambaya da Amsa: Wane bututu ya dace da huce zoɓo cikin sauri?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina dafa zoɓon sayarwa lita 40 kullum, amma kafin ya huce yakan kai wayewar gari, wani lokaci ya yi tsami, robobin su kumbura. An ba ni shawarar in sa murɗaɗɗen bututun da ake tsomawa a tukunya, ruwan sanyi na bi ta cikinsa. Mai gyaran firji ya ce zai murɗa mini na jan ƙarfe. Ya dace?
Daga wata mai karatu, Birnin Kebbi.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Shawarar da aka ba ki mai kyau ce, amma kada ki yarda da jan ƙarfe. Zoɓo yana da tsami mai ƙarfi, kuma tsami da zafi suna cin jan ƙarfe, ya narke kaɗan-kaɗan cikin abin sha. Ɗanɗano zai canja, kuma idan ya yi yawa yana jawo tashin zuciya da amai. Koren tsatsar da ke fito masa idan ya kwana da laima ma cutarwa take yi. In kuwa tsohon bututun firji ko na esi (na'urar sanyaya ɗaki) ne, abin ya fi muni, domin akwai ragowar man inji a cikinsa. Alminiyom ma tsami na cinsa. Ki nemi sitenles, wato ƙarfen da ba ya tsatsa, samfurin da ake kira 304. Gaskiya ne jan ƙarfe ya fi shi saurin ɗaukar zafi fiye da sau 20, sai dai bangon bututun siriri ne, don haka a tukunya bambancin 'yan mintuna ne kawai.

Ga lita 40, ki sa a murɗa miki mai tsawon mita 15, faɗin bakinsa milimita 10 zuwa 12. Mai mita 7 ko 8 na lita 20 ne. Ki auna tukunyar kafin a murɗa, domin duk zoben da ya leƙo saman zoɓon ba ya aikin komai. Bakunan biyu su fito waje su lanƙwasa ƙasa, a ɗaure tiyo da kilif a can, yadda ko ya yi yoyo ba zai ɗiga cikin tukunya ba. Kada a liƙe ko'ina da dalma.

Dalilin tsamin nan shi ne jinkiri. Tsakanin digiri 60 da digiri 5 ne ƙwayoyin cuta da yis ke hayayyafa, kuma tukunyar da ta kwana tana hucewa ta shafe sa'o'i a wannan tsakanin, balle an riga an zuba sukari. Ki tsoma bututun minti 10 kafin ki sauke, tafasar ta kashe abin da ke jikinsa. Ruwan sanyi ya shiga ta zoben sama, inda zafi ya fi taruwa. Sannan ki riƙa juyawa da tsabtataccen ludayi. Nan ne mutane da yawa ke kuskure: in ba a juya ba, zoɓon da ke jikin bututun ne kaɗai ke hucewa, sauran yana nan da zafinsa. Ki taɓa ruwan da ke fita. In da sanyinsa ya fito, ko dai gudunsa ya yi yawa ko ba a juyawa.

Sai batun zafinmu na Kebbi. Bututu ba zai sauke zoɓo ƙasa da zafin ruwan da ke bi ta cikinsa ba, kuma ruwan tankin da ya sha ranar Afrilu ɗumi ne. Ki yi amfani da wanda aka ɗebo da asuba ko na randa. Sauke lita 40 daga digiri 95 zuwa 40 zai ci wajen jarka 5 masu lita 25. Ki tare ruwan da ya fita don wanke-wanke. Daga nan ki koma ruwan ƙanƙara a bokiti, ƙaramin famfo yana zagayawa da shi. Ƙanƙara kilo 10 zuwa 12 za ta kai zoɓon wajen digiri 20. Kada ki fara da ƙanƙara tun yana tafasa, asara ce. Ki ɗura a wankakkun robobi nan take, su wuce firji.

Tambaya: Malam, ko zai yi wa mai haɗa yogot?
Daga wani mai karatu, Gusau.

Amsa: Ƙwarai kuwa, Malam, nan ma sitenles, domin jan ƙarfe na sa man madara ya yi ƙarni. A dafa madarar ta kai digiri 85, a sauke zuwa 43 ko 45, a cire bututun, sannan a zuba irin yogot ɗin, wato abin da ke sa madarar ta kama. Ba a bukatar ƙanƙara, amma ma'aunin zafi dole ne, domin in madarar ta ɗara digiri 50 irin zai fara mutuwa. A wanke bututun da buroshi da ruwan zafi nan take, a tsiyaye ruwan cikinsa, domin madara na maƙalewa tsakanin zobba ta lalata dahuwar gobe.