Nisan Landan da New York, da abin da ya ci mini

Ka tambaye ni, yaro, ko nisan da kwamfuta ta ba ka tsakanin Landan da New York ya isa ka yanka wa mai hayar jirgin sama farashi. Da na yi shiru, domin ku yaran yanzu kun fi gaskata waya a kan wanda ya yi furfura a sana'ar dillancin jirage, amma tambayar ta fama mini tsohon miki.

Kilomita 5,540 da ka gani daidai ne, sai dai awon hanya mafi gajarta ce a doron duniya, wadda ke lanƙwasawa ta arewa ta bi ta wajen Newfoundland a Kanada. Yadda ake fitar da lissafin kuwa ba zan ɓata bakina a kansa ba. Wanda bai iya ba ya nemi wata sana'a.

Shekarun baya wani ɗan kasuwa ya zo mini da fara'a da daɗin baki, yana neman jirgin dakon kaya a wannan hanya, zuwa da dawowa, ya kuma nace sai a rubuta kuɗin bisa kowane mil maimakon kowace awa. Muka zauna muka lissafa da mil na ƙasa, wanda ake awon hanyar mota da shi, ya kama kusan 3,450, ya amince da bakinsa, aka sa hannu. Da kayansa suka sauka lafiya, sai ga lauyansa yana cewa kalmar mil kaɗai ke cikin yarjejeniya, kuma a harkar jiragen sama mil na teku ake nufi, mai mita 1,852, wanda da shi nisan bai cika 3,000 ba. Haka kuɗin mil kusan 450 ya salwanta a zuwa, ya sake salwanta a dawowa, alhali masu jirgin bisa awa suka bi ni, ba su kuma rage mini ko anini ba. Sai da na sayar da motata na cike giɓin. Mutumin nan ya san abin da ya ƙulla tun ranar farko, kuma har yau idan muka haɗu shi ke fara miƙo mini hannu.

Awa ake biya, domin iska mai ƙarfi da ke kaɗawa can sama daga yamma zuwa gabas takan sa zuwa New York ya ci kusan awa 8, dawowa kuwa kusan 7, ga mai da ke ƙonewa a banza. Hanya ma takan toshe: tun 2022 da Rasha ta rufe sararin samaniyarta ga jiragen Turai, tafiyar Landan zuwa Tokyo ta koma wajen awa 14, alhali biranen ba su gusa ba.

Ka rubuta nisan da kilomita, ka ɗora farashin bisa awa, sannan ka kawo mini takardar gobe da safe kafin ta isa hannun kowa.