Ma'anar sunan Odo Iya Alaro

Ɗan'uwa, rafin da ka tambaya, wanda motar zuwa unguwar Mile 12 ke ƙetarewa tsakanin unguwannin Maryland da Ojota a Legas, shi ne Odo Iya Alaro. Da Yarbanci "odo" rafi ne, "iya" uwa, "aro" kuma shuni, irin baban da ake jiƙawa a marinar Ƙofar Mata. "Alaro" mai rini ke nan, wato rafin uwa mai rini.

Daga ɓangaren Ikeja yake gangarowa, ya ratsa ƙarƙashin gadar titin Ikorodu, ya zube a tafkin Legas ta wajen Ogudu. Don Allah kada a yi alwala ko wanki da shi, dattin masana'antu da kwatami duk ciki suke malala. Da damina kuwa, leda na toshe kwalbati sai ruwan ya haura gidajen gefe.