Lasifikar da ta ƙi zama a ƙofar Corolla

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni direban taksi ne a unguwar Zariya. Lasifikokin ƙofar Corolla tawa sun tsage, na sayo sababbi masu santimita 16.5 a kasuwa, sai ramukan sukurunsu huɗu suka ƙi daidai da na ƙofa, waɗanda uku ne. Wani mai walda ya ce a yanka ƙarfen ƙofar. In yarda?

Amsa: Ƙanena, kar ka bari kowa ya sa wa ƙofar nan wuta. Ƙarfen da aka yanka ba ya komawa, kuma nan tsatsa za ta fara ci. Zobe na katako ko roba za ka yi, wanda bayansa zai kama ramuka ukun ƙofa, gabansa ya riƙe sabuwar lasifika.

Tsohuwar ba da sukuru aka ɗaura ta ba, ƙusoshin matsi ne guda uku, sai an huda kansu da injin huda suke fita. In ta fito kar ka yar, ita ce ma'auninka. Kwantar da ita bisa kwali, ka zana gefenta da ramukan nan uku. A tsakiya ka zana da'irar da kwandon sabuwar, wato ƙarfen bayanta, zai shige, yawanci santimita 14 zuwa 14.5, amma auna taka, kamfani kamfani ne. Gwada kwalin a ƙofa kafin ka kai wa kafinta.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne zurfi. Gilashi in ya sauka, ta bayan lasifika yake wucewa, kuma maganaɗisun sababbin ya fi na asali kauri. Sauke gilashin har ƙasa, ka auna daga bakin rami zuwa gilashi. Abin da lasifika ta fi wannan tsawo, ƙara masa rabin santimita, shi ne kaurin zobenka. Na taɓa yi wa wani da gilashi a sama, ina sauri saboda sallar Juma'a. Ya sauke shi a hanyar Madarunfa, muka ji labarin ƙas! Ni na biya. Kauri kuma in ya yi yawa, murfin ƙofa zai taɓa fatar lasifika ta riƙa ƙara mara daɗi. Milimita 12 zuwa 18 ya ishi yawancin motoci.

Katakon gari-gari da ake teburi da shi, bar shi. Cikin ƙofa ruwa na shiga da damina, ya kumbura shi kamar burodi. Katako mai falle-falle da aka shafe da fenti ciki da waje ya fi, amma ni allon roba da mata ke yanka albasa a kai na fi so. Ba ruwansa da ruwa, ba ruwansa da zafin bazara.

Tsakanin zobe da ƙarfe ka shimfiɗa robar tsohon tiyub. In iska na zurarewa ta gefe, amon gangar ya tafi. Ɗaure da ƙusa mai noti, don hanyar jar ƙasa tana kwance sukuru.

Kafin ka rufe, taɓa wayoyin lasifika da batirin tocila mai volt 1.5. In fatar ta turo waje, wayar da ke taɓa gefen batirin mai ɗan tsini ita ce mai alamar ƙari (+). Ƙofofin biyu su zama iri ɗaya.